Zagayen tsibirin Île aux Aigrettes: ya dace da mai neman ganin tsakar Günther?

Gama-garin mutum da ke son ya ga tsakar Günther maƙale a jikin bishiyarta, ba a cikin gilashin gidan namun daji ba, ƙofa ɗaya ce a buɗe gare shi. Ita ce zagayen da ƙungiyar Mauritian Wildlife Foundation take kai baƙi a Île aux Aigrettes, wani ɗan tsibiri mai faɗin hekta 26 da ke kudu maso gabashin ƙasar Moris, cikin Tekun Indiya. Zagayen ya ci kuɗinsa, amma ba don tsaka aka tsara shi ba. An gina shi a kan tsuntsaye da manyan kunkuru da tarihin daji, saboda su yawancin baƙi suke zuwa gani. Wanda tsakar ce ta kawo shi, idan ya bi ayari kawai yana sauraron ɗan jagora, zai iya komawa bakin teku bai sa ta a ido ba, alhali ya wuce ta ƙarƙashinta.

Sunanta a wurin masana Phelsuma guentheri. George Boulenger ne ya bayyana ta a 1885, ya sa mata sunan Albert Günther, masanin dabbobi na gidan tarihin Landan. Tsawonta daga baki zuwa ƙarshen wutsiya yakan kai santimita 30, don haka tana cikin mafi girma a danginta da suka rage a raye. 'Yan uwanta na Madagaska da sauran tsibiran yankin kore ne shar da ɗigon ja, suna ɗaukar ido tun daga nesa. Ita kuwa ruwan toka ce mai sirkin ƙasa-ƙasa, da wani baƙin zane da ya taso daga hanci ya ratsa ido. Ƙwayar idonta ma daban take, a tsaye take tsukewa da rana, saɓanin ta sauran dangin da take zagayayya, kuma tana yawo dare da rana. Tana cin ƙwari da ruwan fure da 'ya'yan itatuwa, in ta samu ƙaramar tsaka ma ba ta bari. Ba ta da dafi. Wannan ya shafi har tsakar da ke jikin bangon ɗakunanmu, duk da abin da aka daɗe ana faɗa a kanta.

A da tana nan a babban tsibirin Moris. Da jiragen ruwa suka kawo ɓeraye da kyanwa da sauran baƙin dabbobi, aka kuma sare daji don noman rake, sai ta ƙare ƙarƙaf a ko'ina in ban da tsibirin Round, wani tsaunin dutse mai hekta 219 da ke kimanin kilomita 22 arewa da Moris. Abin da ya cece ta a can shi ne ɓera bai taɓa sauka a wurin ba. Sai dai an saki awaki da zomaye tun ƙarni na 19, suka cinye tsiro har ruwan sama ya wanke ƙasar ya bar dutse tsirara, itatuwan da tsakar take rayuwa a kai suka kusa ƙarewa. An gama kawar da awakin a 1979, zomayen a 1986, daga nan daji ya fara farfaɗowa. Tsibirin Round a rufe yake ga masu yawon buɗe ido. Sai da izinin hukumar kula da gandun daji ta ƙasar ake sauka, kuma masu bincike da ma'aikata ake ba, bayan an tace kayansu ɗaya bayan ɗaya. Duk wani mai kwale-kwale da ya yi maka alkawarin sauke ka a can, ko dai zai zagaya da kai ta cikin ruwa ne kawai, ko kuma zai jefa ka cikin laifi.

Tara dukan jinsin dabba a wuri guda haɗari ne, domin guguwa ɗaya ko ɓera mai ciki ɗaya da ta sauka daga jirgi ta isa ta shafe shi. Shi ya sa a 2010 aka ɗebo tsaka 50 daga Round aka sake su a Île aux Aigrettes, suka zauna, suka hayayyafa. Jikokinsu ne baƙo yake nema yau.

Shi wannan tsibirin an ayyana shi gandun kariya a 1965, amma aikin gyaransa bai kankama ba sai tsakiyar shekarun 1980, lokacin da ƙungiyar ta shigo. An kawar da ɓeraye da kyanwa, aka yi shekaru ana tumɓuke baƙin tsirrai da hannu ana dasa na asali. Ba dutsen aman wuta ba ne irin babban tsibirin, murjani ne da ya daskare ya zama farin dutse mai ramuka da kaifi, kuma a kansa ne ragowar busasshen dajin gaɓar tekun Moris ya tsira.

Kafin tafiya sai an kama wuri, ta waya ko ta imel, a ofishin yawon buɗe ido na ƙungiyar. Ba a zuwa kai tsaye, kuma ba a shiga da kwale-kwalen haya. Otal-otal da kamfanonin yawo suna sayar da zagayen haɗe da mota, suna ɗora nasu a kai. Ribar yin magana da ofishin kai tsaye ta wuce rangwamen kuɗi: a nan ne za ka faɗa musu tun da wuri cewa dabbobi masu jan ciki ne suka kawo ka, ka kuma faɗi harshen da kake so, Turanci ko Faransanci. Wannan maganar guda ta fi duk wani kayan aiki da za ka saya amfani, domin masu jagora suna bin hanyar kullum kuma sun san bishiyoyin da aka ga tsakar a 'yan kwanakin nan. Kuɗin tikitin ya haɗa da kwale-kwale zuwa da dawowa da ɗan jagora, ana biya da rufi, kuɗin ƙasar, kuma 'yan ƙasa suna biyan ƙasa da baƙi.

Ana tashi daga Pointe Jérôme, kusa da garin Mahébourg, tafiyar kamar minti 15 zuwa 20 a mota daga filin jirgin saman ƙasar. Wanda ya sauka a otal na arewa, wajen Grand Baie, ya ware fiye da awa ɗaya, ya ƙara wani abu saboda cunkoson safe a hanyar Port Louis, babban birnin ƙasar. Kwale-kwalen yana tashi a kan lokaci tunda akwai ayari na gaba, saboda haka ka isa da saura minti 15. Masu tasowa daga Najeriya ko Nijar ko Gana ko Kamaru su riƙe katin rigakafin cutar shawara, ana iya neman sa a wurin matafiyan da suka fito daga ƙasashen da cutar take. Abincin halal da masallaci ba sa wuyar samu a Mahébourg.

Tsallakawar ba ta kai kilomita ɗaya ba, minti 10 ya yi yawa, kuma cikin ruwan da shingen murjani ya kare daga igiyar teku ake bi. Duk da haka daga Mayu zuwa Oktoba iskar kudu maso gabas tana kaɗawa sosai a wannan gaɓar, tana watso ruwan gishiri cikin jirgi. A bar kyamara cikin jaka har a sauka. Kafin a shiga kuma a zazzage jakar, a duba aljihunanta, a kankare ƙasa da irin ciyawa daga ƙasan takalmi. Ba tsirfa ba ce. Tsakar gida da ta shigo yankin ta jiragen ruwa ita ta kori ƙananan tsakokin dare na asali daga kusan duk inda ta sauka, kuma ƙwanta ƙarami ne, yana iya kwanciya a lungun jaka ba a sani ba. Ita ma babbar koriyar tsakar Madagaska, Phelsuma grandis, da aka shigo da ita Moris ta hanyar cinikin dabbobin ado, tana cin 'yan uwanta na gida a babban tsibirin, ba a son ta tsallako.

Zagayen kansa awa ɗaya da rabi ne zuwa biyu, a ƙafa, a kan hanya mai suna Sentier du Dodo. Babu hawa babu gangara. Ana tsayawa a wurin renon tsirrai, da wurin ƙananan kunkuru, da gumakan tagulla na dabbobin da suka ɓace, ciki har da dodo, tsuntsun nan na Moris da ba ya tashi, wanda aka daina gani tun ƙarni na 17, da ragowar wurin girke igwa na sojojin Birtaniya daga Yaƙin Duniya na Biyu. Kowace tsayawa tana cin minti biyar zuwa goma. In aka lissafa, lokacin da ya rage na tafiya a hankali cikin inuwar manyan bishiyoyi, inda tsakar take, bai taka kara ya karya ba. A nan zagayen ya gaza wa mai neman tsaka, kuma ba laifin masu jagora ba ne, ayarin ne yake da buƙatu iri-iri.

Maganin abin shi ne a san yadda ake dubawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne neman launi. Ido yana zuwa da tsammanin wani abu kore mai motsi, sai ya tsallake abu mai ruwan toka da ya daskare a wuri ɗaya. A nemi siffa. Tsaya ta gefen bishiya yadda gefen gangar jikinta zai fito sarai a kan hasken da ke bayanta, sannan ka bi layin gefen da ido daga tsayin kafaɗa zuwa sama, a hankali. Inda layin ya yi ɗan kumburi mai tsawon tafin hannu ko fiye, tsaya ka sa madubin hangen nesa. Sau da yawa kanta yana kallon ƙasa. Abubuwa biyu ne suke tona mata asiri: faffaɗan yatsunta da suke baje a kan ɓawo, da siririyar inuwar da ke ƙarƙashin haɓarta. Idan ta ji motsi ba ta cika gudu sama ba, zamewa take ta koma bayan gangar bishiyar. Saboda haka mutum biyu sun fi ɗaya, wannan ya tsaya cak a gefe guda, wancan ya zagaya a hankali ta ɗaya gefen ba tare da ya bar hanya ba.

Bishiyoyin da suka fi cancantar ɓata lokaci su ne masu wurin ɓuya. Akwai latan, mai ganye kamar na giginya, inda tsakar take shigewa tsakanin gindin ganyayen da kututture. Akwai vacoas, mai dogayen ganye masu ƙaya da saiwoyi da suka fito sama da ƙasa. Akwai kuma tsofaffin itatuwan Diospyros egrettarum, 'yan uwan kanya, masu rassa da kogo. Bishiyar da take fure ko 'ya'yanta suka nuna ta fi kowacce, don abinci yana fito da tsakar fili. Ka kuma duba ƙarƙashin rassa da cikin lungun ganye ko za ka ga ƙwai. Macen tana manna su a jikin itace, galibi biyu-biyu, farare masu tauri, kuma mata da yawa sukan yi amfani da wuri ɗaya, har ka ga tsofaffin ɓawon da aka ƙyanƙyashe a jere da sababbi. Inda ka ga wannan, manyan ba su yi nisa ba. Macen da take shirin yin ƙwai ana gane ta da kumburi biyu a gefen wuya, inda take tara sinadarin da ɓawon ƙwai yake buƙata.

Lokaci yana da tasiri. Jikin tsaka ba ya ɗumama kansa, sai ta sha rana. Da safe takan fito inda haske ya ratso ganye, launinta ya yi duhu don ya ja zafi, a lokacin ne kuma ta fi bambanta da ɓawo mai haske. Da rana ta take, musamman daga Disamba zuwa Maris, sai ta shige inuwa, launin ya koɗe ya saje da itacen. Don haka a nemi kwale-kwalen farko na safe, wanda kuma yake riga sauran ayari shiga hanya. Nuwamba zuwa Afrilu lokacin zafi ne da ruwa da guguwar teku, kuma idan hukumar yanayi ta ba da gargaɗin guguwa ba a fita. Kada a ajiye zagayen sai ranar ƙarshe ta tafiya, a bar kwana ɗaya ko biyu na sauyi.

Sai rikicewa. Mutane da yawa suna dawowa da hoton wata dabba suna cewa ita ce. Wadda ta cika tsibirin ita ce Phelsuma ornata, tsawonta bai wuce santimita 12 ba, mai kore da shuɗi da jan zane a ka. Kyakkyawa ce ƙwarai, kuma kusan kowa yana ganin ta, amma ba ita ba ce. Idan sanyi ya kama ta takan yi duhu, a nan ake ruɗewa, sai dai girman ya raba gardama. Akwai kuma baƙon ƙadangare ɗan asalin Asiya mai doguwar siririyar wutsiya da ƙayoyi a ƙeya. Yatsunsa sirara ne masu farce, ba faffaɗa ba. Abin da ka gani yana sulɓi a ƙasa cikin busasshen ganye, mai santsi da ƙiba, kulɓar Telfair ce. Ita ma daga Round aka kawo ta, 'yan shekaru kafin tsakar, kuma ganin ta ba ƙaramin rabo ba ne.

Kayan da za a riƙe ba su da yawa. Madubin hangen nesa mai ƙarfin 8, wanda yake iya fito da abu sarai daga nisan mita 2, ya fi mai ƙarfin 10 ko 12 amfani a nan, domin daji ne matsattse, kuma babban madubi ba ya kama abin da ke kusa. Mai kyamara yana buƙatar gilashi na milimita 200 zuwa 300. A ƙarƙashin ganye haske kaɗan ne, sai a ɗaga ISO, wato ƙarfin kyamara na karɓar haske, zuwa 800 ko 1600, a riƙe saurin ɗauka a 1/250 na daƙiƙa ko abin da ya fi shi sauri. Abin da yake ɓata hoto shi ne kyamara tana auna hasken sararin da ke bayan bishiya, tsakar ta fito baƙa ƙirin. A sa ta auna tsakiya kawai, ko a ƙara haske da mataki ɗaya. Na biyu, mai saita gani da kansa yana kama ɓawon itace ya bar idon dabbar, saboda launinsu ɗaya, don haka a zaɓi ɗigon saiti guda a ɗora a kan ido. Na uku, gilashin da ya kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya iska yana yin raɓa da zarar ya fito cikin danshi. A fito da jakar waje minti 30 kafin a tashi. A kashe walƙiyar kyamara. Wayar hannu ta isa ga kunkuru da ƙaramar tsakar, ba ta isa ga wadda take sama da kai ba.

Takalmi rufaffe wajibi ne, dutsen murjani yana yanka silifas da ƙafa. Sauro yana da yawa a cikin inuwa, har da rana. A shafa magani tun a bakin teku, kada a fesa shi a cikin daji kusa da dabbobi. Ruwan sha lita ɗaya ga kowane mutum ya wadatar.

Ba a taɓa ta, ko da ta sauko daidai hannu. Fatar wannan dangin tana yagewa in an riƙe su, dabara ce ta kuɓuta daga maƙiyi, kuma suna yar da wutsiya. Duka biyun suna warkewa, amma wutsiya rumbun kitse ce, macen da ta rasa ta tana asarar abin da za ta yi ƙwai da shi. Dokar Moris ta hana kamawa, kuma dukan dangin Phelsuma suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES da ke sa ido a kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe.

Sauran abin da zagayen yake bayarwa ba shi da makusa. Manyan kunkurun Aldabra da aka kawo a 2000 don su maye gurbin na Moris da suka ƙare suna yawo a sake, suna cin 'ya'yan itacen nan ɗan uwan kanya suna baza irinsa cikin kashinsu. Tattabarar Moris mai ruwan hoda, wadda ta ragu zuwa kusan 10 a daji a farkon shekarun 1990, tana sauka kusa da hanya. Masu jagora sun san aikinsu, kuma ba sa ɓoye abin da bai yi nasara ba, misali jaɓar Asiya da har yanzu ba a iya kawar da ita daga tsibirin ba, tana cin ƙananan kulɓa. Ka tambaye su labarin MV Wakashio, jirgin dakon kaya da ya daki murjani a Pointe d'Esny ranar 25 ga Yuli 2020, ya zubar da mai kusan tan 1,000 a wannan ruwan da ka tsallako. A kwanakin an kwashe wasu tsuntsaye da tsirrai daga tsibirin zuwa babban tsibiri, an kuma ɗebo ƙananan tsaka da kulɓa daga tsibiran da ke kusa aka kai su gidan namun daji na Jersey, wani tsibiri da ke tsakanin Ingila da Faransa, don kada iri ya ɓace.

A ƙarshen hanya akwai ɗan shago mai riguna da littattafai da kayan tsaraba. Kayan ba su da yawa, amma kuɗinsu, kamar na tikiti, yana komawa aikin kariya ne. Babu gidan abinci, babu wanka a teku, babu zama bayan ayari ya tashi. Mai neman hutun bakin ruwa ya nufi Blue Bay da ke kusa. Keken guragu da na jarirai za su sha wuya a kan dutsen.

Ga iyali, ko wanda yake son ya ga yadda dajin gaɓar Moris yake kafin zuwan jiragen Turawa, zagayen da aka saba ya isa. Wanda ya yi doguwar tafiya takanas saboda tsakar Günther ya tambayi ofishin zagaye na musamman da suke shirya wa masu ɗaukar hoto da masu kallon tsuntsaye. Ya fi tsada, amma mutane kaɗan ne, kuma ana iya tsayawa minti 20 a gindin bishiya ɗaya ba wanda yake jira. In hakan bai samu ba, safiya biyu a kwale-kwalen farko ta fi zagaye biyu a rana ɗaya, don na yamma yana faɗawa lokacin da ta riga ta shige inuwa.